Rumfar Chacha a College Street, inda na sayi Amir Ali har sau biyu

Rupi 450 na fara biya, kuma da na san abin da ke cikin ledar da aka naɗo min, ko 50 ba zan bayar ba. Amma bari in bi zancen daki-daki kada in ɗauki alhakin tsohon, don a ƙarshe shi ya fitar da ni kunya.

Ni lauya ne, ina digiri na biyu a nan Indiya, kuma bincikena a kan waƙafi ne, wato hubusi, musamman irin wanda mutum ke tsayar wa 'ya'yansa da jikokinsa. Duk tsohon hukuncin da na buɗe na zamanin Turawa sai in yi kiciɓis da suna ɗaya, Sayyid Amir Ali. Wannan alƙali ya kafa hujja da shi, wancan ya yi masa raddi, na ukun ya ambace shi ya wuce kamar mai gaida surukinsa. Malamar da ke duba aikina ta gaji da ganin ina ɗauko maganarsa daga bakin wasu, ta ce in je in nemo mutumin da kansa. Kwafin da ke ɗakin karatunmu ba a fita da shi, ga shi ya zama ƙyalle. Da hutu ya zo sai na hau jirgin ƙasa zuwa Kalkata, garin da ya yi lauyanci da alƙalanci.

Wanda bai taɓa zuwa College Street ba zai ɗauka ƙari nake yi. Titi ne guda, amma daga bakin kwalta har cikin lunguna babu abin da ake sayarwa sai littafi. Rumfuna ne na katako da kwano, kowace bai fi mutum biyu su tsaya a gabanta ba, an jera littattafai tun daga ƙasa har rufi, mai rumfar na zaune a tsakiya kamar an gina shi a ciki. 'Yan gari suna kiran wurin Boi Para, unguwar littattafai ke nan da yaren Bangali. Jami'ar Kalkata, wadda aka kafa a 1857, tana kan titin, haka ma tsohuwar kwalejin Presidency. Da ka rage tafiya kaɗan sai murya biyar su taso maka, kowa na tambayar wane littafi. Mafi yawansu littattafan jarrabawar likitanci da injiniyanci da na neman aikin gwamnati suke da su. Na ambaci Amir Ali a rumfa kusan goma. Wani ya miƙo min littafin lissafi, wani ya nuna min hanyar wani titi can wajen Park Circus, don ashe akwai babban titi mai sunansa a garin. Sai wani yaro mai sayar da shayi a 'yan kofunan ƙasa ya ja hannun rigata, ya shigar da ni wani lungu, ya tsaya gaban wani dattijo mai jan gemu na lalle.

Allon rumfar da rubutun Bangali yake, ba na iya karantawa. Kowa a lungun Chacha yake ce masa, wato baffa. Na daɗe kafin bakina ya saba, don kullum na furta sai in ji kamar ina gayyatar mutum wasan karta. Shi kuwa da ya ji sana'ata sai ya raɗa min Wakil Sahib, don a nan lauya wakil ake ce masa, kalmar nan dai tamu ta wakili. Da gurguwar Hindi da tsinken Turanci muka yi duk cinikinmu.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai tambaye ni waye Amir Ali ba. Cewa ya yi, "Wakil Sahib, wanne kake so, alƙalin ko mai wa'azin?" Na ce na shari'a nake nema, juzu'i na ɗaya na Mahommedan Law, wanda ya ƙunshi kyauta da waƙafi da wasiyya da shuf'a. Ya girgiza kai irin girgizar mutanen nan da ba ka sanin e ce ko a'a, ya ce juzu'i na biyu ke gare shi, na gado da aure da saki. Na ɗayan lauyoyi ba sa sakin sa, sai mai shi ya mutu magada sun kwashe ɗakin karatu sun sayar a kan sikeli. Ya ce in ba shi kwana uku. Kafin nan, in ji shi, kada in tafi hannu rabbana, ya ɗaga murya ya kira yaronsa, yaron ya hau wani benci ya zaro littafi biyu daga tsakiyar littattafan dokar shaida da dokar kwangila. Ɗaya The Spirit of Islam, ɗayan A Short History of the Saracens.

Na ce, "Chacha, ya aka yi littafin tarihi ya kwana cikin na doka?"

Ya ce, "Ka je ka karanta. Wannan ma ƙara yake karewa."

A lokacin na ɗauka zancen 'yan kasuwa ne. Ya ce 600 na tarihin, na taya 350, ya rufe littafin ya ɗora a cinya yana kallon titi kamar ba ni a wurin, muka daidaita a 450. Ɗayan, tsohon kwafi ne mai araha da ɗalibai suka sha hannu, ya bar min a 200. Sabon kuwa fil yake, bango mai sheƙi, an liƙe shi cikin leda. Ban buɗe ba. Laifina ke nan na farko, lauya guda ya karɓi kaya bai duba ba.

Da dare a masauki na yage ledar. Ashe ba bugu ba ne na gaskiya, hoton tsohon littafi aka ɗauka shafi-shafi da na'ura aka sake fitarwa a takarda mai arha. A wani shafi cikin babin Abbasiyawa ga inuwar babban yatsan wanda ya danne littafin, har farcensa ana gani. Layin ƙarshe na shafuka da dama ya yanke, sai ka kai tsakiyar jimla ta ɓace. Bayanan ƙasan shafi, inda marubucin yake faɗin daga wurin wa ya ɗauko, sun dusashe sun zama kamar sawun tururuwa. Shafin farko ya yi alkawarin taswirori da hotuna da jadawalin nasabar sarakuna, kamar yadda bugun asali na 1899 ya zo da su. Na karkaɗe littafin kaf. Inda taswira ya kamata ta kasance sai baƙin murabba'i, don mai ɗaukar hoton bai warware ninkin ba, bayanta ya ɗauka. Can wajen Andalus kuma shafi goma sha shida suka maimaita kansu, goma sha shida na bayansu babu su. Da na ƙara buɗe shi da kyau don in tabbata, sai gam ɗin ƙeya ya ce ɓas, ganye uku suka faɗo ƙasa.

Washegari Lahadi ce, na je na tarar da lungun shiru, an saukar da kwanuka an sa kwaɗo. Mai niyyar zuwa ya kiyaye wannan.

Ranar Litinin na ajiye masa littafin a buɗe daidai inda yatsan yake. Ya sa tabarau, ya duba, ya yi dariya har da tari. Bai yi musu ba, bai kuma ba da haƙuri ba. Ya ce kuɗi in sun shiga akwati ba sa fita, wannan dokar titin ce, amma musaya babu laifi. Ya ce shi ma a cikin leda ake kawo masa su, kuma yawancin masu saye ado suke yi da su a kanta. Na ji haushin wannan magana, don shi ya san bambancin, shi ya miƙo min. Dattijon da ya san wane juzu'i ke ɗauke da waƙafi bai kamata ya sayar wa baƙo irin wannan bai ce uffan ba. A nan na rage masa maki, kuma har yau ban mayar ba.

Sai ya aiki yaron sito. Aka shafe kusan minti arba'in ina tsaye, gumi na bin bayana, don wurin zama ɗaya ne a rumfar kuma shi ke kai. Ya sa aka kawo min shayi a kofin ƙasa, wanda in ka shanye sai ka jefar ya fashe. A tsayuwar nan ce ya ba ni labarin mutumin, yana nuni da haɓa. Can, in ji shi, Presidency, nan ya koyar da shari'ar Musulunci bayan ya dawo daga Landan. Sauran na riga na sani daga karatuna, amma jin sa a kan titin daban ne. An haifi Amir Ali a Katak, a jihar Orissa, ranar 6 ga Afrilu 1849. Ya yi karatu a kwalejin Mohsin da ke Hugli, ya yi digiri na biyu a tarihi a 1868, ya ƙara da na doka, sannan ya tafi Ingila a 1869, ya zama cikakken lauya a Inner Temple, ɗaya daga cikin cibiyoyin horar da lauyoyi na Landan, a 1873. A shekarar nan, yana ɗan 24, ya fitar da littafinsa na farko a kan rayuwa da koyarwar Manzon Allah (SAW), martani ga abin da Turawa ke rubutawa. Da ya dawo ya kafa ƙungiyar siyasa ta Musulmi a Kalkata a 1877, tun Muslim League, babbar jam'iyyar Musulmin Indiya ta zamanin Turawa, ba ta zo duniya ba. A 1884 ya gabatar da laccocin doka na kujerar Tagore a jami'ar da ke bayanmu, kuma daga cikinsu ne juzu'in da nake nema ya fito. A 1890 ya hau kujerar alƙali a babbar kotun Kalkata, ya yi shekara 14.

Yaron ya dawo da abu a naɗe cikin jarida. Tsohon bugu ne mai bangon yadi, launinsa ya koɗe, ƙeyarsa ɗinkakkiya da zare. Ƙwari sun huda shi daga baya, rami ɗaya siriri ya ratsa kusan shafi sittin, amma Allah ya sa a gefe ya bi, bai ci harafi ba. Ƙasan bangon akwai tabon ruwa, shaidar damina, don titin nan ruwa na kwanciya a kansa. Chacha ya goge hannu a riga, ya warware taswirar a hankali, ninki huɗu, ga daular Larabawa tun daga Sind har gaɓar Atlantika. Jadawalin nasaba suna nan cif. Ya ce 2,200. Na ce ai ni aka cuta. Ya cire 450 ɗin farko, muka yi ta ja har aka tsaya a kan in cika 1,300. Ban ce araha ba ce. Na san farashin baƙo ya ba ni, don wata ɗaliba da ta zo bayana ta sayi littafi mai kauri irin nawa a kan kuɗin da bai kai rabi ba. Amma tsohuwar zuma da ita ake magani, kuma bayanan ƙasan shafin duk suna karantuwa.

Wani da ya mallaki littafin kafin ni ya bi shi da fensir. Ba suna, ba kwanan wata. A babin Mu'awiya (RA) ya ja layi a gefe ya sa alamar tambaya, ya sake sawa, har uku a shafi guda. Da na karanta wurin na gane dalili.

Kwana biyun da na yi ina jiran juzu'in nan a kan waɗannan littattafai na ƙarar da su, kuma a nan maganar Chacha ta faɗa min daidai. Mutumin nan bai taɓa tuɓe rigar lauya ba. Littafin tarihin ya faro daga Larabawa kafin Musulunci, ya bi halifofi, ya kai faɗuwar Bagadaza a 1258, ya juya Andalus har miƙa Garnada a 1492, ya taɓo Fatimawa. Amma duk inda ya tsaya, za ka ji akwai wani alƙali Bature a gabansa da yake son ya gamsar. In an ce Musulunci da takobi ya yaɗu, sai ya kira shaidu daga tarihin Turai su faɗi abin da coci ta yi. In an ce Larabawa ba su bar komai ba, sai ya jero makarantu da asibitoci da ɗakunan karatu na Ƙurɗuba da Bagadaza, da tsarin haraji da gidan waya da 'yan sanda, kamar mai miƙa wa kotu takardun shaida ɗaya bayan ɗaya. Waɗannan babuka na waiwaye, inda yake ajiye yaƙe-yaƙe ya duba yadda ake mulki da zaman gari, su ne suka fi min daɗi. Turancinsa irin na zamanin Sarauniya Biktoriya ne, dogayen jimloli masu taku, amma ba ya gundura.

Sai dai lauya ba ya kiran shaidar da za ta kayar da shi. Amir Ali ɗan Shi'a ne, kuma ko da yake yana girmama Sayyidina Abubakar da Sayyidina Umar (RA) sosai, da ya iso Banu Umayya sai ya tashi daga mai kariya ya koma mai gabatar da ƙara. Hukuncinsa a kan Mu'awiya mai tsanani ne, wanda ya tashi a karatun Ahlus Sunna zai ji ya yi masa nauyi, kamar yadda ya yi wa mai fensir. A ɗaya littafin, The Spirit of Islam na 1891 wanda ya faɗaɗa a 1922, ya fito fili yana yabon Mu'utazilawa, yana ɗora wa Ash'ariyya alhakin daskarewar tunani. A kan auren mace fiye da ɗaya kuwa, hujjarsa ita ce sharaɗin adalci da Alƙur'ani ya gindaya yana karkata ne zuwa ga mace ɗaya. Wasu wuraren sai ka ga yana ƙoƙarin nuna wa Bature cewa duk abin da Bature ke so, mu mun riga shi. Ni dai ban yarda da shi a duka ba, kuma ba zan ba ƙanena ɗan sakandare littafin nan in ce ga tarihin Musulunci ba tare da na zauna kusa da shi ba. Amma in kana son ka ga yadda Musulmi mai ilmi ya tsaya a tsakiyar daular da ke mulkinsa ya yi magana da yarenta, da ƙa'idodinta na hujja, ba tare da rawar murya ba, to ga shi.

Abin da ya sa nake binsa tun farko ma irin wannan tsayuwa ce. A farkon shekarun 1890, da batun waƙafin iyali ya zo gaban babbar kotun Kalkata, ya saɓa wa abokan zamansa alƙalai, ya ce a shari'a ciyar da zuriya ma sadaka ce, don haka waƙafin ya inganta. A 1894 kwamitin shari'a na Privy Council a Landan, kotun daga-ke-sai-Allah-ya-isa ta daular Ingila, ya yanke akasin haka a ƙarar Abul Fata. Suka ce in rabon talakawa sai bayan zuriya ta ƙare kaf, to sadakar ta baka ce kawai. Gidajen Musulmi da yawa suka shiga tsaka mai wuya. Sai a 1913 aka yi dokar da ta halatta irin wannan waƙafi, wadda Muhammad Ali Jinna ya gabatar a majalisa, aka koma kan ra'ayin Amir Ali. Kafin nan shi kansa ya riga ya shiga wannan kwamiti na Landan a 1909, ɗan Indiya na farko da ya zauna a can.

Bayan ya yi ritaya a 1904 Ingila ya koma da zama, matarsa ma Baturiya ce. A can ya kafa reshen Muslim League na Landan a 1908, ya matsa lamba har aka ba Musulmi kujerun zaɓe nasu daban a gyaran tsarin mulkin Indiya na 1909. A 1910 ya jagoranci asusun gina masallaci a Landan, wanda daga baya ya haifar da masallacin gabashin birnin. Ƙararsa ta ƙarshe ce ta ɓaci. A Nuwamba 1923 shi da Aga Khan, shugaban Isma'iliyya, suka rubuta wa Ismet Fasha, firaministan Turkiyya, suna roƙon a kare martabar halifan Usmaniyya da ke Istanbul. Wasiƙar ta fito a jaridun Istanbul, mutanen Mustafa Kamal, shugaban Turkiyya, suka ce ga hannun Ingila nan, aka gurfanar da 'yan jaridar, kuma ranar 3 ga Maris 1924 aka soke halifancin gaba ɗaya. Ya rasu a Sussex a watan Agusta 1928, aka binne shi a maƙabartar Brookwood.

Da na kawo wa Chacha wannan labari ya ce ya sani. Ya ce, "Wakil Sahib, lauya nagari ma yakan yi magana a ranar da ya kamata ya yi shiru." Sannan ya tambaye ni ko ina son juzu'i na biyun, tunda yana nan. Na duba shi. Hanafiyya da Shi'a ne suka cinye yawancin shafukan, ɗalibin Malikiyya zai samu ɗan abin taɓawa ne kawai, amma na saya, 900, don ban san ranar da zan sake ganinsa ba.

Ga mai son zuwa: tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Mahatma Gandhi Road ta fi kusa, daga nan tafiyar ƙafa ce. Ka rubuta sunan yadda yake a bango, Syed Ameer Ali, ka nuna, don in ka furta shi irin namu ba kowa zai gane ba. Ka riƙe tsabar kuɗi. Rasit babu, sai dai ya rubuta maka lamba a bayan katin wani. Duk abin da ke cikin leda ka sa a yage a gabanka, ka duba taswira, ka duba ƙasan shafi, ka tanƙwara ƙeyar ka ji ko zare ne ko gam. Ka fara tayi daga rabi. Wurin salla kuma sai ka taka zuwa masallacin Nakhoda, akwai ɗan nisa, ka tashi da wuri.

A ma'aunina rumfar ta ci uku da rabi cikin biyar. Sanin Chacha ya kai biyar, amma yatsan nan na shafin Abbasiyawa da tsayuwar minti arba'in sun ci nasu rabon.

Juzu'i na ɗaya kuwa, kwana uku suka zama biyar, ranar da zan hau jirgi na biya ta lungun da jakata. Ya ce akwai wani tsohon lauya a arewacin gari da ya kwanta rashin lafiya, 'ya'yansa duk injiniyoyi ne, ba mai sha'awar doka. Ya karɓi lambata ya rubuta a bangon rumfar da biro, ƙarƙashin wasu lambobi kusan ashirin. Wata huɗu ke nan. Na kira shi makon jiya, ya ce tsohon ya samu sauƙi, har ya koma zuwa kotu.